Irin Geron da Sani Ya Tsare

Bana ruwa ya yi jinkiri. Kusan mako biyu ke nan hadari yana haɗowa ta gabas da la'asar, ya yi baƙi har kaji su fara neman mafaka, sannan iska ta zo ta watsa shi. Ina zaune a Kaura Namoda tun da zaman ƙauye ya gagare mu, ba ni da gonar da zan shuka, amma ban daina ɗaga kai ina duban sama ba. Shekaranjiya na je kasuwa awon gero. Mai awo ya kwance bakin sabon buhu, sai wani wari ya bugi hancina, kamar na tafarnuwar da ta daɗe a rufe. Na ce masa an sa wa hatsin nan maganin ƙwari. Ya ce ai daga waje aka shigo da shi, sai da aka turara shi a kan iyaka kafin a sake shi. Ya tambaye ni yadda aka yi na gane. Na ce masa na taɓa zama da warin nan har kwana bakwai.

Mu biyu ne maza a gidanmu, ni Lawali da ƙanena Sani, a wani ƙauye kusa da Birnin Tsaba ta ƙasar Zurmi. Tare aka sa mu firamare duk da na girme shi da shekara biyu. Ina aji huɗu Baba ya faɗo daga kan rumbu ya ji ciwo a baya, sai ya cire ni na kama hauya. Sani kuwa kawunmu da ke koyarwa a Kaura ya ɗauke shi. Ya yi sakandare, ya yi makarantar aikin gona, ni kuma na yi aikin gonar.

Da aka ba mu jiharmu ta Zamfara, duk mai takarda ya kama hanyar neman aiki. Sani ya samu shiga cikin ma'aikatan da ke binciken hatsi da tsirran da ake shigowa da su ƙasa, daga baya aka turo shi tashar kan iyaka da ke arewa da mu. Aikinsu shi ne duk motar da ta ɗauko hatsi ko iri daga ƙetare su duba takardarta, su soki buhunan su ga ko akwai ƙwaro ko cuta, kada a shigo mana da abin da ba mu da shi. Ya zo gida da kaki mai ruwan ganye da sabon babur. Baba ya fara kiransa Malam Sani da wasa, kafin wata uku wasa ya zama suna. Baƙo ba ya tashi daga zaurenmu sai ya ji labarin Malam Sani. In an tambayi ina babban yake, sai Baba ya ce, "Lawali shina gona." Labarina ke nan duka.

Daminar da ta zo gabanin a ƙaddamar da shari'a ba ta yi mana kyau ba a yankinmu. Ruwa ya ɗauke gero yana cikin fidda kai, ɗan abin da ya yi ido kuma janbaki ya sauka a kansa. Mun yi ta kaɗa gwangwani muna ihu tun daga hantsi har yamma, tsuntsun ya tashi daga wannan gefe ya sauka a wancan. Abin da muka ɗaure bai kai rabin na bara ba. Kafin bazara ta yi nisa, rumbun da nake shiga da tsani ya zama ina tsayawa a ƙasansa ina tattara zangarniya da hannu.

Bazarar nan ta yi zafi irin wanda ban manta ba. Tun da safe ƙasa take ƙona tafin ƙafa. Rijiyar gari ta ja baya har sai an ƙara igiya, guga ya fito da rabin ruwa rabin laka. Matata Kulu takan tashi da asuba ta je layin rijiya, ta dawo ta tace ruwan da tsumma, sannan ta auna gero da ƙaramin ƙoƙo ta surfa. Dusar da a da ake ba awaki ta daina fita daga gida, ita ake haɗawa da garin a tuƙa tuwo. Da rana kunun tsamiya ne, mai ruwa-ruwa, ka sha ka ga gindin kwano tun kafin ka kai rabi. Inna ta fito da busasshen zogale da rama da ta adana, ana kwaɗawa da ɗan ƙuli. Yara suna yini a gindin aduwa da magarya. Aka kai lokacin da Baba ya ce a sauko da damin da muka rataye na iri. Na ce, "Baba, iri ne." Ya ce, "Na sani. Sai mai rai ka shuka." Muka ci irin. Kusan kowane gida a ƙauyen haka aka yi.

Ƙarshen kowane wata sai mu ji ƙarar babur ɗin Sani. Ya ɗauro rabin buhun masara a baya, wani lokaci da ɗan manja da gishiri. Inna ta fito har ƙofar gida tana sa masa albarka da ƙarfi, maƙwabta suna ji. Ni da na shekara goma sha biyar ina cika rumbun gidan nan ban taɓa jin an sa mini albarka har ta tsallake katanga ba. Ina cin tuwon masarar, don yunwa ba ta bar mini zaɓi ba, amma kowace loma sai na tura ta da ruwa. Kulu ta lura. Wata rana ta ce, "Ƙanenka ne fa." Na ce, "Wa ya ce ba shi ba ne?" Ta kwashe kwanuka ta fita.

Da sama ta fara canza launi, magidanta tara muka zauna bayan sallar Juma'a a kan maganar iri. Wani ya ce a can ƙasar Nijar, wajen Maraɗi, akwai gero mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya ɗauke da wuri yakan tsira. Aka ce wa zai je. Na ce ni. Na sayar da ɗan maraƙina, sauran suka kawo abin da suka iya. A raina ina cewa wannan karon in an tambayi wanda ya ceci ƙauyen nan, sunana za a kira.

Na bi motar wani ɗan kasuwar Shinkafi, Alhaji Bawa, wanda ya saba shigowa da wake da gero daga can. Na sayi buhu shida, na zaɓe shi da hannuna, ido manya, fari tas. Wanda ya sayar mini ya ce in je ofishin aikin gona na can su duba su ba ni takardar shaida cewa irin lafiyayye ne, amma sai na jira kwana biyu. Na gaya wa Alhaji Bawa. Ya yi dariya ya ce, "Kai da ƙanenka ke riƙe da ƙofa, mi za ka yi da takarda? Ni kaina don kai na ƙi tsayawa neman tawa." Maganar ta yi mini daɗi ta kuma yi mini ciwo. Aka loda buhunana a kan nasa, muka kamo hanya.

Mun wuce 'yan duwan, wato kwastan na can, da namu na nan ba matsala. Muka iso rumfar kwanon da su Sani suke, wajen azahar. Shi kaɗai ne da wani mai gadi, ogansu ya tafi Kaura. Da ya gan ni ya taso da sauri, ya rusuna ya gaishe ni a gaban mutane, ya kawo mini ruwan randa. Sannan ya juya wajen Alhaji Bawa ya ce a ba shi takardar kayan.

Alhaji ya nuna ni da haɓa. "Ga takardar nan zaune tana shan ruwa."

Sani bai yi dariya ba. Ya ɗauko wani ƙarfe mai rami da tsini, ya hau motar. Ya soki buhu, hatsi ya gangaro cikin ƙarfen, ya zuba a rariya ya girgiza a kan farin kwali. Ya yi haka a buhu wajen goma, na Alhaji da nawa. Sai na ga ya tsaya ya fito da ɗan gilashi daga aljihu ya sunkuya. Ya daɗe a haka. Ya sauko ya nuna mana. Wasu ƙananan ƙwari ne masu ruwan ƙasa suna tafiya a kan kwalin, da wasu tsutsotsi masu gashi-gashi.

Ya ce, "Daga na Alhaji sunka fito, amma sun shiga naka, Yaya. Buhu biyu na gani. Wanga ba irin ƙwaron da munka saba da shi ba ne. In ya shiga rumbu shina iya zama cikin tsagar bango shekara da shekaru, ba ya mutuwa da yunwa."

Na ce, "To, sai mi?"

"Doka ta ce kayan da ba su da takarda kuma anka ga ƙwaro mai rai, ko su koma inda sunka fito, ko a sauke a turara su. Kwana bakwai a rufe."

Na dubi gabas. Hadari ya fara tasowa, ƙasansa baƙi. Na ce, "Sani, dubi sama."

"Na gani, Yaya."

"Gida tara ke jiran abin ga. Da gidan ubanka."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na sani. In na sake shi, gida taran nan zan fara kai ma ƙwaron."

Alhaji Bawa ya ja shi gefe, na ga ya sa hannu a aljihu. A shekarar nan kowa yana taka-tsantsan, don shari'a sabuwa ce, ko mai awo a kasuwa ya daina danna gindin mudu, saboda haka a hankali ya yi maganar goro. Sani ya ja da baya ya ce, "Alhaji, ko kafin shari'a ban karɓa ba." Ya faɗe ta ba tare da ɗaga murya ba, mai gadi ya gyaɗa kai yana kallonsa da sha'awa. Wannan kallon ma ya ƙona ni.

Aka sauke kaya. Sani ya tuɓe rigar kakinsa ya shiga ɗaukar buhu tare da mu. Aka jera su a kan katako a cikin wani ɗakin ajiya mai buɗaɗɗen gefe, aka lulluɓe da tamfol mai kauri. Ya ɗaure hancinsa da bakinsa, ya sa safar hannu, ya buɗe wani gwangwani ya jera ƙwayoyin magani masu ruwan toka a kan faranti a ƙarƙashin tamfol ɗin. Muka danne gefen da yashi ta ko'ina don kada iska ta fita. Ya ce kada kowa ya zauna kusa, hayaƙin da ba a gani yana kashe mutum kamar yadda yake kashe ƙwaro. Ya ce maganin ba zai hana irin tsirowa ba. Ya zagaye wurin da igiya ya rubuta ranar buɗewa a kwali.

Washegari da la'asar ruwa ya sauko. Ruwan shuka ne sosai, wanda ke fara da iska mai sanyi, ya bugi kwano har ba ka jin maganar na kusa da kai. Ƙamshin ƙasa ya tashi. Ina zaune a bakin rumfa ina kallon ruwa yana gudu a kan hanya, ina lissafin yadda ya ratsa gonarmu ta tudu, ga irina can a ƙarƙashin tamfol, tsakanina da shi taku ashirin. Da gari ya waye mutanen ƙauyukan kan iyaka suka fito da sungumi. Ina ganinsu daga nesa, maza a gaba suna sara, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Wata mota ta zo da buhunan wake da takardarta mai hatimi, Sani ya soka ya duba, bai fi awa ɗaya ba ya sa hannu ta wuce. Direban ya ɗaga mini hannu.

A rana ta uku na tafi gida. Na tarar wani mutumin ƙauyen da ke gaba da mu, wanda ya bi ta daji da jakuna ya shigo da nasa irin, har ya gama shuka. Mutanenmu suna zaune a gindin bishiyar bedi da sungumansu a jingine. Ba wanda ya zage ni. Sun dai tambaya, na ba su amsa, suka koma kallon sama. Na shiga wajen Baba na zayyana masa komai, na ƙara gishiri inda zan iya. Ina jira ya ce a kira masa Sani. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce, "In Malam Sani ya tsare shi, akwai dalili. Shi ya karanci abin."

Na ce, "Ni kuma da nike noma shi fa, Baba?"

Ya ce, "Kai ma da ka tsaya ka karɓo takardar."

Na tashi na fita. Na tafi gona na tsaya a tsakiyarta. Ƙasa ta jiƙu har ƙafa tana nutsewa, ciyawa ta fara huda kai. Ban taɓa jin na tsani mutum kamar yadda na ji a wannan tsayuwar ba, kuma na san ba don irin kaɗai ba ne.

Rana ta biyar na koma tasha. Alhaji Bawa ya dawo daga Shinkafi da wata takarda da ya sa aka buga masa da tafireta. Ya kira ni bayan motarsa ya karanta mini. Ƙara ce zuwa ga manyan su Sani, cewa ma'aikacin da ke tashar yana tsare kayan mutane da gangan lokacin shuka don a ba shi cin hanci. Akwai sunayen direbobi uku a ƙasa da dangwalen yatsa. Ya ce, "Namu ba ya da nauyi. Amma in anka ga wansa uwa ɗaya uba ɗaya ya sa hannu, ba mai musu."

Na san ƙarya ce. A gabana ya ƙi karɓa. Sani yana can bakin rumfa yana cika wani littafi, ya ɗago ya yi mini murmushi, ya nuna kwanon abincin da ya ajiye mini. Alhaji ya miƙo tawadar dangwale. Na ture ta na ce ya ba ni biro. Na rubuta sunana da na ubana, harafi ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da kwana bakwai suka cika, Sani ya sa muka tsaya ta inda iska ke fitowa, ya ɗaure fuska ya janye yashin ya ɗaga tamfol. Aka bar kayan suka sha iska har azahar. Da aka ɗaga buhunan, ƙasan katakon ya yi baƙi da matattun ƙwari. Ya share su da tsintsiya ya tara a kwano, ya zuba kananzir ya ƙona. Ya sake sokawa ya tankaɗe, ba abin da ya motsa. Ya cika takarda ya buga hatimi ya miƙa mini da hannu biyu. Ya riga ya nemo wata a-kori-kura da za ta kai buhunana har ƙofar gida, ya kuma nemi hutun kwana uku na lokacin da za mu yi shuka.

Allah ya taimake mu aka sake yin ruwa kwana biyu bayan nan, ko da yake bai kai na farko ba. Muka yi gayya, gida tara, gona bayan gona. Tun rana ba ta fito ba muke farawa, ciki ba komai sai ruwan kunu. Sani ya zo da tsohuwar riga ya ce a ba shi sungumi. Na ba shi mafi nauyi. Ina gaba yana bina a layi na biyu, na ƙi sassauta tafiya. Kafin hantsi numfashinsa ya fara fita da ƙarfi. Da muka zauna shan fura, wadda rabinta ruwa ne, na ga tafin hannunsa ya yi ƙuraje sun fashe, yana ɓoyewa a cikin riga. Daɗi ya kama ni. Na ce a gaban mutane, "Malam, wanga ba biro ba ne." Aka yi dariya, shi ma ya yi. Ya yaga ƙyalle ya naɗe hannun ya tashi ya ci gaba. Ya yi kwana ukun nan cur, bai bar layinsa ba ko sau ɗaya.

Yunwar da ta fi tsanani ita ce ta lokacin noma. Gero ya tsiro kore shar, ciyawa tana tsere da shi, kai kuma kana duƙe da hauya cikinka yana kuka. Tafasa ta fito, mata suka dinga tsinko ta ana dafawa a matse a kwaɗa. Mukan yi noman farko har gwiwa ta fara rawa, mu kwanta a gindin gawo mu huta, mu tashi. In ruwa ya kama mu a gona ba ma gudu, sanyinsa yana rage jin yunwa. Yanzu ina ganin matasa suna fesa maganin ciyawa su gama gona a yini guda. Mu sai da muka bi kowane gindi da hannu har sau biyu.

Geron ya cika alkawari, ya nuna da wuri. Ranar da Kulu ta gasa tumun farko, yara suka zagaye murhu suna murzawa suna hurawa suna watsawa a baki tun da zafinsa. Inna ta ci ta yi hamdala har da hawaye. Amfanin bai kai na waɗanda suka shuka da ruwan farko ba, mutumin nan mai jakuna ya fi mu dami nesa ba kusa ba, kuma ban ji an ce wani abu ya sami rumbunsa ba. Amma mun fita daga yunwa. Da aka zauna ana hira bayan kaka, sai na ji ana cewa irin Malam Sani mai albarka ne, tsabtatacce, ko ƙwaro ɗaya babu. Maraƙina ne ya tafi, ƙafata ce ta je Maraɗi, amma irin Malam Sani ake kiransa. Har na baro ƙauyen da wannan sunan ake shuka shi.

Ba a daɗe da gama ɗaurin dami ba aka kira Sani Kaura, aka zaunar da shi gaban manyansa. Sun bincika ba su same shi da laifi ba, mai gadi ya ba da shaida, littafinsa ma ya nuna komai. Amma suka ce tunda har rigima ta shiga tsakaninsa da mutanen gida, gara a ɗauke shi daga yankin. Aka mayar da shi tashar jiragen ruwa a Legas. A gida ya ce canjin wurin aiki ne kawai irin na gwamnati. Baba ya yi ta gaya wa mutane an ƙara wa Malam Sani girma, yanzu jiragen ruwa zai dinga dubawa. Inna kuwa ta shiga ɗaki ta yini ba ta fito ba.

Baba ya ce in raka shi tashar mota a Kaura. Na ɗauki jakarsa a kai. Muna tsaye ana ɗaure kaya a saman mota, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Yaya, sun nuna mini takardar."

Na sauke jakar daga kaina na ajiye a gabansa.

Ya ce, "Ban gaya ma Baba ba, kuma ba ni gaya mai. Kai ma kada ka gaya mai. Ka dai kula da bayansa in sanyi ya shigo."

Na so ya zage ni. Da ya zage ni da na samu abin riƙewa. Sai ya rusuna ya yi mini sallama kamar yadda ya saba, ya shiga mota. Na tsaya har ta fita tasha, ina jin kunya, kuma a ƙarƙashin kunyar ina jin haushin cewa ko a nan ma ya fi ni.

Baba ya ƙara shekara biyu. Ciwon ƙarshe ya kwantar da shi wata guda, ni nake juya shi, ni nake kai shi bayan gida, ni nake ba shi kunu da cokali. Kullum sai ya tambaya ko an aika wa Malam Sani. An aika, amma a lokacin saƙo sai ya bi direba, hutu kuma sai an nema. Wata ranar Talata da hantsi ina shafa masa man zafi a baya, ya kama hannuna ya riƙe. Muryarsa ta yi ƙasa sai da na sunkuya.

Ya ce, "Lawali, ɗiya biyu Allah ya ba ni. Na duba wanda zan iya rabuwa da shi na ba gwamnati. Kai na riƙe ma kaina."

Bai ƙara wata magana mai tsawo ba. Kafin la'asar ya cika.

Sani ya iso kwana uku bayan an rufe shi, ya rame, idonsa ja saboda hanya. Na kai shi makabarta ya yi addu'a ya yi kuka. A hanyar dawowa, mu biyu a kan turbar da ta ratsa gonar tudu, ya tambaye ni ko Baba ya bar wata magana. Na ce kullum sai ya tambaye ka, ya sa maka albarka, ya ce ya yafe maka duniya da lahira. Duk gaskiya ne. Ya share ido ya ce, "Shi ke nan abin da ya ce?"

Na ce, "Shi ke nan."

Yanzu Sani ya yi ritaya, yana zaune a Gusau, 'ya'yansa biyu suna jami'a. Muna waya duk Juma'a, shi yake kira, ya gaishe ni da Yaya, ya tambayi Kulu da jikoki. Mun yi maganar komai a shekarun nan, har takardar Alhaji Bawa na roƙe shi gafara a kanta ya ce ya manta. Maganar da Baba ya yi mini a ranar Talatar nan ce kawai ban gaya masa ba, kuma ba na jin zan gaya masa. Ita kaɗai ce nake da ita wadda shi ba shi da ita.